Kisan Jinƙai a Gidajen Kula da Dabbobi: Tambayoyi da Amsoshi

A biranen Amurka, Ingila, Japan da wasu ƙasashe da dama akwai gidajen da ake tara karnuka da kuliyoyin da suka ɓata, ko waɗanda masu su suka yasar. Wasu na ƙaramar hukuma ne, wasu na ƙungiyoyin sa-kai. Galibin dabbobin da suka shiga suna fita da ransu, ko dai mai su ya zo ya karɓi abinsa, ko wani ya ɗauka ya riƙe. Saura kuwa a nan ake kashe su. A kan waɗannan sauran ne tambayoyin da ke ƙasa suke.

Mene ne kisan jinƙai, kuma me ya raba shi da kisa kawai?

Shi ne a ɗauke ran dabba ta hanyar da hankalinta zai gushe kafin ta ji wani raɗaɗi, kuma ba a firgita ta ba kafin nan. Jerin abin yana da muhimmanci: hankali ya fara tafiya, sannan numfashi ya tsaya, sannan zuciya. Duk hanyar da ta juya wannan jerin, wato numfashi ko zuciya su tsaya alhali dabbar tana sane, azaba ce, ko da mai kallo bai ga ta motsa ba.

Ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka, AVMA, ta fara fitar da ƙa'idoji a kan wannan a 1963, tana sabunta su lokaci-lokaci, kuma bugun 2020 ne gidaje da yawa suke aiki da shi. Sai dai ƙa'idojin hanya suke gyarawa. Kare mai lafiya da aka kashe don keji ya cika, ya mutu ba tare da ciwo ba, gaskiya ne, amma ba shi aka ji ƙai ba. Ma'aikatan da kansu sun san wannan bambancin, kuma shi ne yake hana da yawansu barci.

Wace dabba ake yanke wa wannan hukunci?

Wadda mota ta ragargaza bayanta. Wadda ciwon daji ko ciwon ƙoda ya cinye, ba ta ci ba ta sha. Karen da ya yi wa mutum mummunan cizo, kuma masana halin dabba suka ce zai sake. 'Yan kuliyoyin da aka tsinta ido bai buɗe ba, babu uwa, babu mai ba su madara duk bayan awa biyu ko uku dare da rana. Sai kuma na ƙarshe, wanda ake jayayya a kansa: rashin wuri da rashin kuɗi.

A 2004 shugabannin ƙungiyoyin dabbobi na Amurka sun taru a Asilomar, jihar Kalifoniya, suka raba dabbobin rukuni huɗu: mai lafiya, wadda za ta warke da magani, wadda ba za ta warke ba amma za ta rayu da kulawa, da wadda babu abin da za a iya yi mata. Manufar ita ce kowane gida ya faɗi a fili daga wane rukuni yake kashewa, kada a fake da cewa duk marasa lafiya ne.

Ba a kuma yin gaggawa da dabbar da aka tsinta a titi, in ba tana cikin azaba ba. A Ingila doka ta ce a riƙe karen da ya ɓata kwana 7 ko mai shi zai bayyana. Tun 2016 wajibi ne kowane kare a Birtaniya a sa masa wani ɗan ƙaramin maikurocif a ƙarƙashin fata, mai lambar da za a gano mai shi da ita. Gidan da ya san aikinsa yakan sake bin jikin dabbar da na'urar karanta lambar a cikin ɗakin allurar, domin an sha kashe karen da mai shi yake can yana nema.

Yaya ake yin sa?

Hanyar da aka fi amincewa da ita ga kare da kyanwa ita ce allurar fentobabital ta jijiya. Maganin sa barci ne na aikin tiyata, sai dai a nan ana ba da shi fiye da ƙima da gangan.

Mutum biyu ne suke aikin, a ɗaki mai shiru, ƙofa a rufe, babu wata dabba tana kallo, babu mushen wadda aka gama da ita. Ana shimfiɗa bargo a ƙasa ko a kan tebur, don santsin ƙarfe kaɗai yana tayar wa kare da hankali. Na farko yakan durƙusa a gefen karen, ya zagaya hannu ɗaya ta ƙarƙashin wuyansa ya jingina kan a ƙirjinsa, ɗaya hannun ya riƙe ƙafar gaba a gwiwa, ya danna babban yatsa ya ɗan murɗa har jijiyar ta taso. Na biyu ya aske gashin wurin kamar faɗin yatsa biyu, ya goge, ya soka allura. Sai ya ɗan ja baya kaɗan, in ya ga jini ya shigo sirinji ya san yana cikin jijiya. Ya ce wa abokinsa ya saki yatsa, sannan ya tura maganin a hankali ba tsayawa. Sau da yawa kafin sirinjin ya ƙare kan karen ya yi nauyi a hannun mai riƙon. Hankali yana gushewa cikin daƙiƙoƙi, numfashi ya bi baya, zuciya ta tsaya cikin 'yan mintoci. Mai riƙon ba ya daina yi masa magana da shafa kunnensa har a gama.

Maganin yana cikin waɗanda hukuma take sa wa ido sosai. A akwatin ƙarfe mai makulli ake ajiye shi, kuma duk abin da aka zuƙa sai an rubuta a littafi, da lambar dabbar da sunan wanda ya yi. A jihohin Amurka da dama ba dole sai likita ba, ma'aikacin da ya yi horo ya sami takardar shaida yana iya yi. A wasu ƙasashen kuwa likita kaɗai doka ta yarje wa.

To dabbar ba ta jin komai ke nan?

Tana jin sukar allurar, kamar kowace allura. In maganin ya zuba a gefen jijiya yana da zafi, shi ya sa ake duba jinin nan tukuna. Bayan wannan babu.

Abin da yake ruɗa mai kallo shi ne abin da ke biyo baya. Idanu ba sa rufuwa. Wani lokaci dabbar takan ja dogon numfashi sau ɗaya ko biyu bayan zuciya ta tsaya, ko ƙafa ta ɗan harba, ko fitsari ya zubo. Duk wannan aikin tsoka ne, ƙwaƙwalwa ta riga ta tafi. Likitan kirki yakan gaya wa mai dabba haka tun kafin a fara, don kada ya koma gida da zaton ta sha wahala.

In dabbar ta ƙi yarda a taɓa ta fa?

Ba a kokawa da ita. Karen da ya firgita, ko kyanwar da ba ta taɓa zama da mutane ba, ana fara yi musu allurar barci a tsoka, irin haɗin ketamin da zailazin, ko a sa maganin kwantar da hankali a cikin abinci. A rufe kejin da zane, a ba su mintoci, sai sun yi barci mai nauyi a ƙarasa. Jan kare da sandar maƙogwaro har cikin ɗaki yana kuka yana zawo ya ɓata aikin tun daga farko, ko da allurar ƙarshe ta tafi daidai.

'Yan jarirai da jijiyarsu ta yi ƙanƙanta ana sa musu maganin a cikin kogon ciki. Yana ɗaukar lokaci fiye da na jijiya, don haka ake ajiye su a wuri mai duhu da ɗumi har su yi barci. Allura kai tsaye a zuciya kuwa ba ta halatta sai dabbar ta riga ta fita hayyacinta gaba ɗaya. Yi wa mai ido biyu ita mugunta ce, kuma an kori ma'aikata a kan haka.

Yaya ake tabbatarwa ta mutu?

Ana sa abin sauraron ƙirji a saurara sosai, a taɓa ƙwayar ido a ga ba ta ƙifta ba, a duba dasashi ya koma fari-fat ko toka-toka. Alama ɗaya ba ta isa ba, domin maganin yana iya sa numfashi ya yi ƙasa har a zaci ya tsaya. Alamar da babu shakka a cikinta ita ce sandarewar jiki. Ba a sa dabba a leda ko a firji sai an tabbatar.

Da can yaya ake yi?

A 1877 birnin New York yana cusa karnukan titi cikin babban kejin ƙarfe, a ɗaga shi da ƙugiya a nutsar a kogin East, a fito da shi bayan mintoci, a zuba wasu. Jama'a har taruwa suke yi kallo. Wasu garuruwan da kulki suke yi. Irin wannan ne ya sa Caroline Earle White da wasu mata suka kafa ƙungiya a Filadelfiya a 1869, suka karɓi aikin tsare karnukan birnin, kuma a shekarun 1870 suka shigo da ɗakin hayaƙi, inda ake kashe karnukan da iska mai guba. A wancan lokacin ci gaba ne.

Daga baya aka zo da wutar lantarki, aka zo da akwatin da ake zuƙe iskar cikinsa, wanda aka daina a Amurka a tsakiyar shekarun 1980. Ɗakin iskar kabon monoksaid ne ya fi daɗewa. Matsalarsa ba a ɓoye take ba. Ana zuba dabbobi da yawa tare, su tsorata, su yi faɗa. Jarirai da tsofaffi da masu ciwon huhu ba sa shaƙar iskar yadda ake so, sai su daɗe, wasu ma a buɗe a tarar da su da rai. Iskar kuma ba ta da wari ba ta da launi: a 2000 ta kashe wani ma'aikacin gidan dabbobi a jihar Tennessee. Jihohi da yawa sun haramta ɗakin yanzu, saura kuma kusan duk sun bari da kansu. A Japan har yanzu wasu cibiyoyin hukuma suna aiki da iskar kabon dayoksaid, wadda take sa dabba ta ji tana shaƙewa kafin ta suma.

Masu kare ɗakin hayaƙi sukan ce ya fi sauƙi ga ma'aikaci, tunda ba ya riƙe dabbar a hannunsa. Haka ne. Sauƙin na ma'aikacin ne.

Me ya hana a sa guba a nama? Ai ya fi arha.

Ya fi arha, kuma yana cikin mafi munin mutuwar da ake iya ba dabba. Gubar sitiriknin, wadda hukumomin birane a Afirka da Asiya suka daɗe suna jefa wa karnukan titi, tana sa duk tsokar jiki ta ɗaure lokaci guda. Karen ya sandare, bayansa ya lanƙwashe, ya saki, ƙaramin motsi ko ƙara ya sake tayar da abin, har numfashi ya gagara. Duk wannan da hankalinsa. Maganin ɓera mai hana jini daskarewa kwanaki yake ɗauka, dabbar tana zubar da jini ta ciki. Fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari kuwa dalala ne da zawo da jijjiga har huhu ya cika da ruwa.

Hukumar lafiyar dabbobi ta duniya, WOAH, wadda Najeriya da Nijar duk mambobinta ne, ta lissafa hanyoyin da ba ta yarda da su ba, ciki har da sitiriknin, sayanaid, magungunan aikin gida, nutsarwa a ruwa da ƙonawa. Akwai guda ɗaya a jerin da ya kamata a sani, saboda yaudararsa: allurar da take shanye tsoka. Dabbar takan kwanta lamo, ba kuka ba motsi, mai kallo ya ce kai, wannan ta tafi cikin sauƙi. Alhali tana ji tana gani, numfashi ne kawai ta kasa ja.

Sannan naman gubar ba ya zaɓen mai ci. Karen farautar maƙwabci zai ci, kaji za su tsattsaga, ungulu za ta sauka a kan mushen, yaro ma yana iya ɗauka.

Harbi fa?

Ga doki, jaki, saniya ko raƙumi da ya karye a inda babu allura, harbi ɗaya a daidai ƙwaƙwalwa daga hannun gwani hanya ce da likitoci suka amince da ita, don hankali yana gushewa nan take. Sharaɗin shi ne gwanintar. Wurin da ake nufa ya bambanta daga dabba zuwa dabba, kuma ba tsakanin idanu ba ne kamar yadda mutane suke zato. Harbin kare yana gudu a cikin unguwa ba ya cikin wannan magana.

Dabbobi nawa ake kashewa?

Amurka ce ta fi ajiye lissafi. A shekarun 1970 ana ƙiyasta karnuka da kuliyoyi miliyan 12 zuwa 20 a shekara. Ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta Amurka, ASPCA, ta ƙiyasta miliyan 2.6 a 2011, sannan kimanin 920,000 a 2019, daga cikin sama da miliyan 6 da suke shiga gidajen. A Japan an kashe sama da miliyan 1 a 1974, amma daga 2021 adadin bai kai 20,000 a shekara ba.

Ba allura ce ta kawo wannan ragin ba. Fiɗiya ce da cire mahaifa a farashi mai rahusa, da dokar cewa ba a ba da dabba riƙo sai an yi mata aikin, da sabon da mutane suka yi na ɗauko kare daga gidan kula maimakon saye.

Ana jin labarin gidajen da ba sa kisa sam. Me ya sa duka ba za su zama haka ba?

Da farko, ba sam ba ne. A Amurka gida yana amsa wannan suna in kashi 90 cikin 100 na dabbobinsa suka fita da rai. Sauran goman an bar su ne don marasa warkewa da masu haɗari. Tafiyar ta yi ƙarfi daga San Francisco, inda a 1994 ƙungiyar da Richard Avanzino yake shugabanta ta ƙulla yarjejeniya da hukumar birnin cewa za ta karɓi duk dabba mai lafiya da hukumar ta rasa mai ɗauka. Ta ceci rayuka masu yawa, kuma ta tilasta wa gidajen da suka saba da kisa su nemi wata dabara.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Gidan sa-kai yana iya cewa ya cika, ya rufe ƙofa, lissafinsa ya yi kyau. Gidan ƙaramar hukuma ba shi da wannan damar, duk abin da aka kawo sai ya karɓa, tsoho da mai cizo da mai ƙazuwa. Sai ya zama shi ne mai baƙin suna, alhali shi ya kwashi abin da wancan ya ƙi. Wasu gidajen kuma don tsoron lissafi sukan ajiye kare shekaru a keji, har ya fara zagaye wuri ɗaya yana cizon jelarsa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ƙasashe sun sha bamban. Dokar Italiya ta 1991 ta hana kashe karen titi sai mai ciwon da ba ya warkewa ko wanda aka tabbatar yana da haɗari, kuma a kudancin ƙasar an sami manyan gidaje masu cunkoso da 'yan kwangila suke karɓar kuɗi a kan kowane kai. Jamus ta hana kashe dabba ba tare da dalili mai ƙarfi ba, kuma rashin wuri ba dalili ba ne a wurinsu, sai dai su ba su da karnukan titi masu yawa. Indiya tun 2001 tsarinta shi ne a kama, a fiɗiye, a yi rigakafi, a mayar inda aka kamo. Turkiyya ta bi irin wannan tsarin shekara 20, sannan a 2024 majalisa ta umarci ƙananan hukumomi su kwashe karnukan titi zuwa gidajen kula, ta kuma buɗe ƙofar kashe masu haɗari da marasa warkewa. Dubban mutane sun yi zanga-zanga, domin gidajen da ake da su ba za su ɗauki ko kusa da karnuka miliyan 4 da gwamnati ta ƙiyasta ba.

A ganina gidan da ya kamata a yaba shi ne wanda yake buga lissafinsa duka: nawa suka shigo, nawa ya mayar daga bakin ƙofa, nawa suka mutu a keji da kansu.

Me Musulunci ya ce?

A kan yadda za a yi, magana a fili take. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Muslim ya ruwaito, na 17 a Arba'una Hadisi, ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku yi kisa ku kyautata kisan, in za ku yi yanka ku kyautata yankan, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Ga kuma hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Wannan na biyun ya shafi duk mai tara dabbobi a keji fiye da ƙarfinsa.

A kan ko ya halatta a kashe don hutarwa, malamai sun saɓa. Malikiyya sun halatta: Muhtasar na Shehu Halil ya ambaci halascin yanka dabbar da ba a cin namanta in an fid da rai da ita, masu sharhi kuma suka ba da misali da jaki da alfadari. Shafi'iyya sun hana. Kare mai cizon mutane kuwa yana cikin dabbobin da hadisi ya ba da izinin kashewa. Abin da babu malamin da ya halatta shi ne yara su ɗaure kwikwiyo da igiya suna jifa har ya mutu, manya suna zaune a dakali suna kallo. Dokar Najeriya ma, Penal Code a Arewa da Criminal Code a Kudu, ta sa zaluntar dabba cikin laifuka.

Ina ake kai mushen?

Ƙonawa a na'ura, ko binnewa da zurfi. Wannan ba don tsabta kaɗai ba ne. Fentobabital yana zama a cikin naman, dafuwa ba ta kashe shi, kuma duk abin da ya ci zai iya mutuwa. A Amurka an sha tsintar gaggafa a mace ko a sume kusa da juji saboda sun ci irin wannan mushen, kuma a 2017 da 2018 an janye wasu abincin karnuka na gwangwani daga kasuwa bayan an sami maganin a ciki. Saboda haka doki ko saniyar da aka yi wa wannan allura ba ta mahauta ba ce, ba ta karnukan gida ba ce, ba a kuma yar da ita a bayan gari. Dabbar da ake so a ci namanta, yanka ne hanyarta tun farko.

Su ma'aikatan yaya suke ji?

Yawancinsu son dabbobi ne ya kawo su aikin. Su suke wanke kejin, su suke ba karen suna, su suke ɗaukar hotonsa su sa a intanet ko wani zai so, kuma su ne za su riƙe ƙafarsa ranar da wa'adi ya cika. Masanin zamantakewa Arnold Arluke ya yi nazari mai tsawo a kan wannan tsaka-mai-wuya. Ana samun rashin barci, shaye-shaye, da barin aiki. Jama'a kuma, waɗanda su suka yasar da dabbobin, su ne masu zaginsu. A Taiwan a 2016 wata likita mai shugabantar gidan dabbobi na hukuma ta halaka kanta, bayan an yi mata ca a intanet saboda ta faɗi a talabijin yawan karnukan da ta kashe. Dokar hana kisa a gidajen hukuma ta fara aiki a ƙasar a Fabrairun 2017.

Gidajen da suka damu da mutanensu suna juya aikin tsakanin ma'aikata, ba sa barin mutum ɗaya ya yanke hukunci shi kaɗai, kuma suna ba ma'aikaci damar cewa wannan karen ba ni zan yi masa ba.

Kashe karnukan titi ba shi ne maganin haukan kare ba?

A'a, kuma an gwada. Ciwon yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kashi 99 cikin 100 daga kare, kuma 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Duk lokacin da ya ɓarke, abin da hukuma take fara yi shi ne kisa, don shi ne ake gani. Amma muddin juji da kwata suna nan, karnukan da suka tsira za su hayayyafa, wasu kuma su shigo daga ƙauye su cike gurbin. Masu karnuka sukan ɓoye nasu ko su kai su wani gari, su tafi da ciwon. Waɗanda aka fi saurin kamawa kuma su ne masu sabo da mutane, wato waɗanda aka fi yi wa rigakafi.

A tsibirin Bali na Indonesiya ciwon ya shiga a 2008. An kashe karnuka sama da 100,000, galibi da sitiriknin, ciwon ya ci gaba da yaɗuwa. Sai da aka koma rigakafin gama-gari daga 2010 mace-macen mutane suka ragu. A birnin Jaipur na Indiya kuwa shirin fiɗiya da rigakafi da aka fara a 1994 ya kai ga an daina samun mutuwar mutane a yankin da shirin ya shafa. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya take bayarwa shi ne a yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, a kuma maimaita duk shekara.

A garinmu babu irin wannan gida. In kare ya ciji mutum, ko dabbata tana cikin azaba, me zan yi?

In cizo ne, mutumin ake fara dubawa. A wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar don allurar rigakafi. Kada a jira a ga abin da zai sami karen, kada kuma a tsaya shafa toka ko gashin karen, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi.

Karen kuma in an san shi kuma ana iya tsare shi ba tare da wani ya sake shiga haɗari ba, a kulle shi kwana 10, da ruwa da abinci, likitan dabbobi yana dubawa. In ya wuce kwanakin lafiya ƙalau, ba ya ɗauke da ciwon a yawunsa ranar da ya yi cizon. In ya nuna alamu, ko ya zama dole a kashe shi, a kira ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ko na jiha. Kada a fasa kan, don ƙwaƙwalwar ake aunawa, kuma kada kowa ya taɓa yawun ko ya feɗe shi da hannu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana wannan awon, a Nijar kuma akwai cibiyar awon cututtukan dabbobi ta LABOCEL a Yamai.

In kuwa dabbarka ce ta tsufa ko ta ji raunin da ba ya gyaruwa, ka lura da abubuwa kaɗan: tana ci, tana iya tashi ta yi bayan gida nesa da makwancinta, tana numfashi ba wahala, tana kula ka in ka shigo? In amsar duka a'a ce kuma likita ya ce babu magani, ka tambaye shi kai tsaye ko yana da allurar, in ba shi da ita wace hanya zai bi, kuma ko zai fara sa ta barci. Asibitocin koyarwa na likitan dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri suna karɓar irin wannan, haka ma asibitocin dabbobi na jihohi. Ka tanadi ramin tun kafin likitan ya zo, mai zurfin da kare ba zai tone ba, nesa da rijiya.